Tambaya ce ko ɓatanci? Abin da ya faru a ajina ranar Talata

Malamin Tudun Wada:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban sa baki ba, amma wani abu ya faru a ajina ranar Talatar da ta wuce wanda ya hana ni barci kwana biyu, na ga ya fi kyau in kawo shi gaban waɗanda suka fi ni sani da shekaru. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da darasin addinin Musulunci a wata sakandare a nan Zariya. Muna kan babin imani da ƙaddara, na rubuta rukunan imani shida a allo ina bayani a kan na ƙarshe, sai wani yaro da ke zama kusa da taga, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, idan Allah ya riga ya rubuta wane zai shiga wuta tun kafin a haife shi, to da wane laifi za a kama shi?" Kafin in buɗe baki wani ya miƙe daga baya ya ce wannan ɓatanci ne ga Allah, nan take aji ya ruɗe, wasu suna buga benci, wasu suna kabbara. Na ga yaron ya toshe bakinsa da hannu biyu, biron da yake riƙe da shi ya faɗi ƙasa, ya kasa sunkuyawa ya ɗauka.

Na tsawata musu, na rufe ƙofa na jingina da ita, na ce babu mai fita sai na gama magana. Na shaida musu cewa wannan tambaya ta girme su ta girme ni, malamai sun fi shekara dubu suna rubutu a kanta, kuma babu wanda ya ce mai yin ta ya zagi Allah. Aji ya lafa, amma da aka tashi sai da na raka yaron bakin titi na sa shi a Keke Napep, domin na hango 'yan ajin sun taru gungu-gungu a gindin darbejiya suna nuna shi. Washegari bai zo makaranta ba.

Dukkanmu mun san abin da ya faru a Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022, lokacin da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari saboda saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu. Tun daga ranar duk malamin da ke tsaye gaban aji ya san cewa tsakanin ihu da gawa 'yan mintoci ne. Ina roƙon malamanmu da lauyoyinmu su taimake ni: ina iyaka tsakanin tambaya da ɓatanci, kuma shin abin da muka yi imani da shi yana karɓar a ƙalubalance shi da hujja, ko kuwa duk wanda ya taɓa shi ya yi laifi?

Malam na Kwarbai:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri da tsayuwar da ka yi a bakin ƙofar nan, domin da ka ja baya ba mu san labarin da za mu ji ba. Yaronka bai yi ɓatanci ba, ko kusa. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, yana dai son zuciyarsa ta natsu. Wannan yana Suratul Baƙara aya ta 260. Sahabbai kuma sun kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kukan cewa suna jin abubuwa a zukatansu waɗanda suke ganin girman su furta su, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Yaron da ya fito da abin da ke damun zuciyarsa ya ajiye gaban malaminsa ya yi abin da ya dace, don matambayi ba ya ɓata.

Sai dai zan yi wa zauren nan adalci in faɗi ɗaya ɓangaren, kada a ɗauka malaman zaure suna ɓoye abin da ke cikin littafi don faranta wa zamani. A mazhabar Malikiyya da muka gada, wanda ya zagi Manzon Allah hukuncinsa kisa ne. Haka Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala, wadda ɗalibi a birnin nan yake isa gare ta bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, haka kuma Alƙali Iyad ya faɗaɗa maganar a ƙarshen Ashafa, littafin da muke karantawa a masallatai duk watan azumi. Amma da yawa daga masu kafa hujja da Ashafa ba su zauna sun bi waɗannan babuka ba. Iyad ya kasa al'amarin fuska-fuska: akwai wanda ya yi zagi ƙarara, akwai wanda ya furta magana mai ɗaukar fassara biyu, akwai wanda ya hakaito maganar wani domin ya yi mata raddi ko ya ba da shaida, kuma bai ba su hukunci ɗaya ba. Wannan rarrabewa aikin alƙali ne mai ilimi, wanda zai kira shaidu adilai, ya ji ta bakin wanda ake tuhuma, ya duba hankalinsa da balagarsa, kuma ƙa'idar malamai sananniya ce cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha. Taron mutane riƙe da duwatsu ba ya iya ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɗan Muciya:

Allah ya gafarta Malam, ban isa in ja da karatunka ba, amma ina da ƙorafi, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a cikin matasa. Kullum ana ce mana mu bar wa hukuma, alhali idan aka kai mai zagi kotu sai a yi ta ɗage zama shekara da shekaru, ƙungiyoyin waje su sa baki, daga ƙarshe a ji ya fita. Mutumin da ya ga ana taka mutuncin wanda ya fi ƙauna fiye da uwarsa da ubansa, kuma ya ga babu abin da ke biyo baya, yaya ake so ya yi da zuciyarsa? Akwai hadisin makahon nan a Abu Dawud wanda ya kashe baiwarsa saboda tana zagin Manzon Allah, kuma ba a kama shi da jininta ba. Su kansu Turawan da ke koya mana 'yancin magana suna da iyakokinsu: a Faransa tun 1990 laifi ne mutum ya musanta kisan ƙare-dangi da aka yi wa Yahudawa, a Denmark kuma sai da suka kafa dokar hana ƙona littattafan addini a Disambar 2023, bayan sun ga abin da ƙona Alƙur'ani ya jawo musu. Idan su sun killace abin da suke girmamawa, don me za a ce namu ne kaɗai zai zama dandalin kowa?

Barista ta Kongo:

Ƙanena na Muciya, maganarka ta ƙarshe tana da ƙarfi, babu ƙasar da ta saki magana sakaka, kuma tamu ma ba ta sake ta ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin canza addini, sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita su da doka saboda zaman lafiya da haƙƙin wasu. Tun a dokar Penal Code ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 210 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu ga wanda ya ci mutuncin wani addini a bainar jama'a ta hanyar da za ta iya tada fitina, kuma wannan kariya ta kowane addini ce. Bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, jihohi sun yi dokokin laifuka na Shari'a, kuma a dokar Kano ta 2000 sashe na 382(b) ya tanadi kisa ga Musulmin da ya zagi Annabawa ko Alƙur'ani.

Inda zan gyara maka shi ne batun cewa kotu tana sakin mutane haka kawai. An yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa a Kano ranar 10 ga Agustan 2020, sai Babbar Kotu ta soke hukuncin a Janairun 2021 ta ce a sake shari'ar, saboda an yi ta ba shi da lauya. A wannan zaman ne aka sallami Umar Faruk, yaro mai ƙananan shekaru da aka yanke wa ɗaurin shekara goma. Ka duba waɗannan dalilai biyu, rashin damar kare kai da ƙarancin shekaru, za ka ga su ne ainihin sharuɗɗan da Malam ya lissafa daga littattafanmu. Mubarak Bala kuwa, wanda aka kama a Kaduna a Afrilun 2020 kan rubuce-rubucensa a Facebook, an yanke masa shekara 24 a 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da su biyar a 2024, ya kuma yi zaman gidan yari na shekaru. Saboda haka masu magana ana kama su ana hukunta su. Waɗanda ba a hukuntawa su ne masu jifa. Mutum biyun da aka gurfanar bayan kisan Deborah ba ma da laifin kisan kai aka tuhume su ba, duk da cewa Fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da abin a ranar. A Yunin 2023 aka kashe Usman Buda, mahauci kuma Musulmi, a mahautar Sakkwato bayan musayar magana, babu wanda ya tsaya ya tantance abin da ya faɗa.

A Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce waɗannan sassa biyu na dokokin Kano, wato sashe na 210 da na 382(b), sun saɓa wa yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan'adam da Najeriya ta sa wa hannu, kuma lauyoyin Sharif-Aminu sun kai batun Kotun Ƙoli. Ra'ayina a matsayin lauya shi ne babbar matsalar tana cikin kalmar kanta, domin dokar da ba ta fayyace mene ne zagi mene ne saɓanin fahimta ba, takan zama wuƙa a hannun wanda ya fi yawan magoya baya.

Malam na Kwarbai:

Ɗana na Muciya, kishinka abin yabo ne, amma hadisin da ka kawo ka karanta shi har ƙarshe. Da gari ya waye aka ga gawa, Manzon Allah ya tara mutane ya nemi wanda ya aikata ya miƙe, makahon ya miƙe ya yi bayani gaban shugaban al'umma wanda wahayi yake sauka gare shi, sannan aka yanke hukunci. Wato an tuhume shi, an ji ta bakinsa. Yau wa zai tabbatar mana da gaskiyar wanda ya ce ya ji zagi a cikin hayaniyar kasuwa? Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 6 idan fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Usama ɗan Zaid ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, yana zaton tsoro ne ya sa shi, Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Malamanmu sun tafi a kan cewa zartar da haddi haƙƙin shugaba ne, kuma jinkirin kotu ba ya mayar da kowane mai fushi alƙali.

Baba na Wusasa:

Salama gare ku duka. Ni Bahaushe ne Kirista, a Wusasa aka haife ni, kakana yana cikin waɗanda suka biyo mishan lokacin da ta tashi daga cikin birni ta dawo nan a 1929. Ina da 'yan'uwa na jini a Tudun Wada da Ƙofar Doka da suke sallah, muna zuwa sunansu suna zuwa jana'izarmu. Na yi shiru da farko domin irin wannan magana mu kan ji tsoron sa baki a cikinta, kuma wannan tsoro shi kansa yana cikin abin da ake tattaunawa.

A Maris na 1987 ina saurayi. Rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan kan zargin cewa wani mai wa'azi ya yi wa Alƙur'ani fassarar da ba ta dace ba, cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Zariya aka ƙone majami'u masu yawa. Ba mu ji wa'azin ba, ba mu san mai wa'azin ba. Ina Sabon Gari wurin ƙanwar mahaifiyata a daren, maƙwabcinta mai sayar da hatsi ya shigar da mu rumbunsa, mu bakwai, muka kwana a bayan buhunan dawa, shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa yana jan carbi har asuba. Har yau idan na ji ƙamshin dawa a rumbu sai na tuna sautin carbin nan.

Ga abin da nake so Malam na Kwarbai ya duba mini. Musulmi ya yi imani cewa ba a gicciye Isa ba kuma shi ba Ɗan Allah ba ne, ana faɗar haka a lasifika ina ji daga ɗakina. A wurina wannan musanta tushen bangaskiyata ne gaba ɗaya, amma ban taɓa ɗaukarsa zagi ba, na san aƙidarku ce kuke faɗa. Ni kuma da na yarda da annabcin Annabinku da ban zauna Kirista ba. Idan rashin yarda shi ne ɓatanci, to kowace Juma'a da kowace Lahadi rabinmu yana yi wa rabi ɓatanci. Ban musa ba akwai masu wa'azi a cikinmu da suke wuce gona da iri su shiga ba'a da cin fuska, mu ma muna tsawata musu, domin Littafinmu ya ce a 1 Bitrus 3:15 mu ba da amsa cikin tawali'u da ladabi. Mun kuma san zafin wannan tuhuma daga tarihinmu: da ita aka kama Yesu gaban babban firist, da ita aka jefe Istifanus, kuma a 1 Sarakuna sura ta 21 an yi hayar shaidun zur suka ce Nabot ya zagi Allah da sarki, aka jefe shi, alhali gonar inabinsa ake so. Mu Kiristoci ma mun yi wa wasu irin wannan, don a 1697 an rataye wani ɗalibi ɗan shekara ashirin, Thomas Aikenhead, a birnin Edinbara saboda maganganunsa a kan addini.

Ɗalibin Samaru:

Iyayena, ni ɗalibin tarihi ne, kuma zan ɗan wuce inda Malam ya tsaya. Malam ya yarda ɗalibi ya yi tambaya domin ya fahimta. Ni ina ganin har wanda ya zo da nufin ya rushe fahimtarmu da hujja ya kamata a saurare shi a ba shi amsa, domin haka aka gina ilimin da muke taƙama da shi. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Gazargamu, babban birnin Borno, a 1808, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuto wa shugabannin jihadi yana tambayarsu da wace hujja suke kafirta mutanen Borno alhali suna sallah suna ba da zakka, yana cewa saɓo daban kafirci daban. Wannan ƙalubale ne ga ginshiƙin da jihadin ya tsaya a kansa, amma Muhammadu Bello ya amsa da alƙalami, har ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri, shi ya sa muke karanta su yau. Shehu Usmanu da kansa ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar a kan kafirta mai babban zunubi, ya kuma yi rubutu yana kwaɓar ɗaliban da suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na masu ilimin kalam, wato kare aƙida da hujjojin hankali, ba.

Idan aka ba masu iko ko masu yawa damar rufe baki da sunan kare addini, sau da yawa mai gaskiya ne yake shan bulala. Imam Ahmad bin Hambal an ɗaure shi an yi masa bulala a Bagadaza saboda ya ƙi bin aƙidar da fada ta ɗauka cewa Alƙur'ani halitta ne. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, abin da aka riƙa jifanta da shi shi ne zagin waliyyai, ita kuma tana jifan wasu da shirka. A nan garin namu aka harbe Sheikh Auwal Albani da matarsa da ɗansa ranar 1 ga Fabrairun 2014 yana dawowa daga karatu, Boko Haram ta ɗauki alhaki, kuma laifinsa a wurinsu shi ne rushe aƙidarsu da hujja. Ko shari'ar Abduljabbar Kabara, malamin da aka tuhuma da ɓatanci ga Annabi, wanda aka yi muƙabala da shi a Kano ranar 10 ga Yulin 2021 aka yanke masa hukuncin kisa a Disambar 2022, kowane ɓangare cewa yake yi martabar Annabi yake karewa. Alƙur'ani ya ce wa masu jayayya su kawo hujjarsu idan masu gaskiya ne. Addinin da ya yi wannan kira ban ga dalilin da mabiyansa za su ji tsoron jin hujjar wani ba.

Ɗan Muciya:

Baba na Wusasa, labarinka ya taɓa ni, Allah ya jiƙan mai hatsin nan idan ya riga mu gidan gaskiya, kuma na yarda faɗar aƙida daban take da zagi. Amma ɗan'uwa na Samaru, al-Kanemi da Bello malamai ne, sun yi jayayya da aya da hadisi a kan hukuncin mutane, babu wanda ya taɓa martabar Manzon Allah a cikinsu. Abin da muke gani a waya yau daban ne: yaro bai iya Fatiha da kyau ba, ya kalli bidiyo biyu, ya fito yana ba'a da matan Annabi don ya tara mabiya, idan an yi magana ya ce bincike yake yi. Wannan ba zan kira shi hujja ba, kuma ina nan a kan cewa dole doka ta yi masa hukunci mai tsanani.

Mai shago a Sabon Gari:

Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma na ga wani abu da idona wanda ya sa labarin Nabot da Baba ya kawo bai zo mini baƙo ba. Shekaru kaɗan da suka wuce wani maƙwabcina a layinmu yana bin wani mutum kuɗin katan-katan na sabulu wata biyar. Duk zuwan da zai yi sai mutumin ya ce masa ya yi haƙuri don darajar Annabi. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya ce masa ya daina haɗa shi da Annabi a kan bashi, kuɗinsa yake so. Mutumin nan ya juya ya ɗaga murya ya ce jama'a ku zo ku ji, ya ce babu ruwansa da Annabi. Kafin ka ce kwabo layi ya cika, na ga wani yaro mai tura baro ya sunkuya ya ɗauki dutsen da muke tare ƙofa da shi. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya fizgi maƙwabcina ya jefa shi cikin shagona, muka ja ƙofar ƙarfe muka sa kwaɗo, shi kuma ya tsaya a waje yana rantsuwa cewa yana wurin tun farko, ba haka aka faɗa ba. Maƙwabcina mutum ne da ba ya rasa sahun farko a sallar asuba. Bayan sati biyu ya kwashe kayansa ya koma Funtuwa, bashin kuma har yau ba a biya ba.

Malam na Kwarbai:

Baba na Wusasa, Allah ya ƙara maka lafiya, tambayarka tana da amsa a wurinmu. Wanda ba Musulmi ba idan ya faɗi abin da addininsa ya ginu a kai, kamar ya ce bai yarda da annabcin Manzonmu ba, malamanmu na Malikiyya ba su ɗauke shi mai zagi ba, domin da saninsa a kan haka aka zauna da shi tun farko. Kiristocin Najran sun zo Madina sun yi jayayya da Manzon Allah a kan Annabi Isa, suka koma garinsu da addininsu da yarjejeniyar aminci. Suratul Ankabut aya ta 46 ta hana mu jayayya da ma'abota littafi sai ta hanya mafi kyau, Suratul An'am aya ta 108 kuma ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Mai wa'azinmu da ya hau mumbari yana yi wa gicciye ba'a ya saɓa wa wannan aya.

Ɗana na Samaru, na yarda da mafi yawan abin da ka kawo, Imam Malik ma an ruwaito yana cewa kowa ana karɓar maganarsa ana mayarwa in ban da mai wannan kabari, yana nuna kabarin Manzon Allah. Fatawata da ta Shehunka da ta shugaban ƙungiyar kowa duk abin a auna ne, kuma wanda ya ce sukar malaminsa ɓatanci ne ga addini ya ɗora malamin a inda ba wurinsa ba. Inda muka rabu shi ne ni ba zan ce a buɗe ƙofar izgili ba. Mai hujja ina iya zama da shi daga hantsi har la'asar, mai ba'a kuwa Suratun Nisa'i aya ta 140 ta ce kada a zauna tare da shi har sai ya shiga wani zancen, kuma idan ya fito fili yana yi to alƙali ya ji da shi.

Barista ta Kongo:

Allah ya gafarta Malam, a nan ne nake da sauran damuwa. A takarda raba hujja da ba'a yana da sauƙi, amma a kotu na ga yadda ake karanta magana guda, wani shaida ya ce tambaya ce wani ya ce izgili ne, kuma alƙalin yana jin hayaniyar taron da ke jiransa a waje. Hukuncin da ba a iya warware shi idan an yi kuskure bai kamata ya rataya a kan irin wannan ba. Na san Malam ba zai bar abin da ke cikin Risala ba, ni ma ban gamsu ba tukuna.

Malamin Tudun Wada:

Na gode muku ƙwarai, na karanta komai sau biyu. Jiya da yamma na je gidan su yaron a Tudun Jukun. Na tarar mahaifinsa ya riga ya ji labari daga bakin maƙwabta, ya yi masa dūka, ya ce kada ya ƙara buɗe baki a darasin addini har ya gama makaranta, yana kuma neman ya mayar da shi wurin ƙaninsa a Kaduna. Na zauna da shi a zaure na karanta masa abin da Malam ya rubuta a kan Annabi Ibrahim, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce shi ba tambayar ce ta dame shi ba, yana tsoron abin da zai samu ɗansa a hanya. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa bai ɗago kai ba har na fito. Malam, idan za ka iya, ina roƙon ka zo ajin ranar Alhamis ka yi musu bayanin ƙaddara da bakinka, shugaban makaranta ya amince.

Malam na Kwarbai:

Zan zo in sha Allahu, da ƙarfe goma sha ɗaya. Ka gaya wa mahaifin cewa ni zan biya ta Tudun Jukun in ɗauki yaron, ni kuma zan mayar da shi gida, idan yana so ya biyo mu ya zauna a bayan aji. Ka tanadar wa yaron wuri a bencin gaba, wanda ya yi ihun kuma ka zaunar da shi kusa da shi, kada ka kunyata shi, shi ma abin da ya ji manya suna faɗa ya maimaita. Ka turo mini lambar mahaifin ta saƙo na daban in kira shi yau bayan sallar isha'i.